Tseren Da Ya Ƙare A Rumfar Mai Ƙosai

Tela ne ya ja mini. Ana gab da kama azumin 2024 na kai masa shaddar Sallah da wuri, don ba na son shiga sahun masu kwana a shago daren idi. Ya zagaya tef a cikina, ya duba, ya sake zagayawa, sannan ya jawo tsohon littafin awo ya soke lambar bara da jan biro. Bai ce uffan ba. Yaronsa mai sa maɓalli ne ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi." Ni kuwa ko Jidda ban taɓa gani ba. Tumbi ne ya ba ni Alhajin.

A daren na kwanta da waya a hannu, na tambaye ta yadda ake sauke tumbi cikin gaggawa. Tambaya ɗaya ake yi wa wayar zamani, daga nan ba za ta sake barin mutum ya sarara ba. Kafin asuba na zama almajirin wasu Turawa masu shafaffen ciki, waɗanda ke wa'azin wani azumi da ba na addini ba: a yi kwana biyu, uku, har mako guda ba a ci komai ba sai ruwa, a haɗa da gudu, wai kitse ya rasa wurin ɓuya. Hujja biyu ce ba sa rabuwa da ita. Ta farko wani mutumin Sukotlan, Angus Barbieri, wanda ya yi kwana 382 bai ci abinci ba tsakanin 1965 da 1966, ya sauko daga kilo 207 zuwa 82. Ta biyu wani farfesa ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, da ya karɓi kyautar Nobel a 2016 kan binciken yadda ƙwayoyin halitta ke cinye tarkacen cikinsu idan yunwa ta matsa musu. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai Barbieri likitoci ne ke biye da shi a garin Dundee suna auna jininsa, yana shan shayi da gahawa da ruwa duk sa'ad da ya ga dama, ana ba shi bitamin, kuma ba wanda ya ce masa ya yi tsere a rana. Shi kuwa farfesan a kan yis ya yi aikinsa, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Yis ba shi da mata da 'ya'ya, ba ya kuma bin titin Kabuga da la'asar. Wannan ɓangaren malaman nawa ba su tsaya a kai ba, ni ma ban ga dalilin ɓata lokaci ba.

Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Azumi na tafe, dama wuni za a yi ba ci ba sha, abin da ya rage kawai in ƙi na dare. In an kira magariba in kurɓi ruwa, in bar musu kunu da ƙosai. Sahur na yafe. Bayan la'asar in fita gudu. Ga lada ga la'ada.

Na sanar da uwargida tana tankaɗen garin kunu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, wane likitan ne ya ce ka yi?" Na ce ilimi ya yi gaba, yanzu ba sai an bi layin kati ba. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai zan dinga zuba naka, in ba ka ci ba almajirin gidan nan ya gode." Yaron nan kumatu ya yi a watan. Limamin masallacinmu kuma, da labari ya kai masa, ya tuna mini cewa Annabi (SAW) ya hana azumin ɗore, wato a haɗa kwanaki ba a buɗe baki ba, kuma sahur sunna ce mai albarka. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ina shan ruwa da magariba, nawa ba ɗore ba ne." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka tsere wa hukuncin, saura hikimar."

Ban fara tun ɗaya ga wata ba, don ƙosan uwargida ba a juya masa baya farat ɗaya. Sai da goman ƙarshe ta matso, na ga Sallah ta ƙarato tumbi na nan daram, sannan na ɗaura ɗamara. Na je Ƙofar Wambai na zaɓo kambas na gwanjo, da wata rigar sanyi mai hula, mai kauri, irin ta ƙasashen ƙanƙara. A ilimina na lokacin gumi kitse ne da ya narke, don haka duk abin da zai ƙara gumi riba ce. Mai gwanjon ya tambaya ko Jos zan yi Sallah.

Farkon abin daɗi gare shi, kada in yi wa Allah butulci. Yunwar ranar farko ta yi ta yi ta gaji, ta lafa. Jiki ya yi sakayau, kai ya washe, ina ɗan zagaya unguwa da sassarfa ina jin kaina kamar saurayi. Na tare yaron nan mai yawo da sikeli na hau, allura ta nuna na ragu. Na ba shi kuɗinsa har da tukuici, na tafi majalisa na yi lacca. Matsala ɗaya ce, baki. A sahun asham maƙwabcina ya dinga karkatar da kai, da aka yi sallama na ce masa ai warin bakin mai azumi yana da daraja a wurin Ubangiji. Ya ce, "Haka ne, amma naka ya wuce na azumi."

Wanda ya yi azumin shekarar a Arewa bai manta zafinta ba. A farkon Afrilu garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, mu ma a Kano ana haye 40 ba a ko waiwaye. Ba wuta, ƙanƙara ta zama kayan gabas, magidanta na jiƙa riga su kwanta a siminti suna ƙirga awa 13 da ɗoriya na wunin. A irin wannan rana ce na ga zagayen unguwa ya yi mini kaɗan. Na ƙudurta zan taso daga Ƙofar Na'isa, in bi gefen badala, in wuce Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo, sai Kabuga. In dawo a adaidaita, in iso gida daidai shan ruwa, a tarbe ni da kallon girmamawa.

A Kano babba ba ya gudu a banza. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, saboda haka duk wanda na wuce ba ni yake kallo ba, bayana yake leƙawa ya ga abin da ya koro ni. Wata mata ta fizgi hannun ɗanta ta faɗa wani lungu. Wasu samari da ke zaune a inuwa suka ce, "Baba, kai ka biyo ko kai aka biyo?" Na ɗaga musu hannu irin na 'yan wasa. Ba Alhajin ba ne ya dame ni a nan, Baban ne.

Kafin Gadon Ƙaya harshe ya manne a ganɗa. Na nemi yawun da zan haɗiya, babu. Cikin rigar sanyi ruwa na bin gadon bayana yana taruwa a ƙugu, ina murna wai kitse ke tafiya. Can sai zuciya ta bar ƙirji ta dawo kunne tana duka. Sai tsigar jikina ta tashi, na ji sanyi, a ranar da kwalta ke laushi. Mai hankali nan zai tsaya. Ni na ɗauka alamar nasara ce, don wani daga cikin malamaina ya ce akwai lokacin da mai gudu ke jin daɗi na musamman. Ƙwaurin dama ya ɗaure, na ci gaba da ɗingishi. Adaidaita sahu suka daina zama ɗaiɗai, suka haɗe suka koma rawaya guda mai tsawo. Ana haka na lura igiyar kambas ta kwance, daidai wata rumfa da ake suyar ƙosai, mutane sun yi layi da robobi. Na ja birki, na sunkuya na ɗaure, na miƙe da sauri don kada 'yan layi su ɗauka gajiya na yi.

Miƙewar nan ita ce abu na ƙarshe da na sani.

Da na buɗe ido sama nake kallo, kawuna sun kewaye ni, kowa da fatawarsa. Wani na cewa farfaɗiya ce a kawo cokali. Wani ya durƙusa yana kiran salla a kunnena, wai iska ce, gefen badala da yamma ba a rasa su. Wani dattijo ya ce, "Shaye-shayen nan har da manya, da girmansa da gemunsa." Ina jin su, bakina ya ƙi motsi. Mai ƙosan ce, wata dattijuwa da hayaƙi ya rine wa zane, ta ture su da gwiwar hannu. Ta ce a cire masa wannan bargon. Aka zare rigar sanyi, aka ja ni inuwa. Ta ɗauko bokitin ruwan da take wanke hannu da ludayi ta sheƙa mini tun daga kai, ta sa aka ƙaro wani, aka ɗora ƙafafuna a kan bencin masu jira, ta miƙa wa jikanyarta maficin hura wuta ta ce ta yi ta fifita. Da ta ga idona ya tsaya wuri guda, na kuma amsa sallama, ta sa aka ɗago kaina. Ta ɗebo kunun tsamiya mai sanyi, ta barbaɗa ɗan gishirin ƙullu, ta kawo bakina.

"Ɗan nan, buɗe."

Na tattaro sauran mutuncin da ya rage na ce, "Iya, ina azumi."

Ta ce, "Gawa ba ta azumi. Buɗe."

Na buɗe. Ban taɓa shan abu mai daɗin kunun nan ba, ba na kuma sa ran zan sha a duniya. Ludayi na biyu yana bakina ladan ya ce Allahu Akbar.

Nan take majalisar malamai ta zauna a kaina. Wani ya ce kaffara ta hau shi, sittin a jere, tunda da bakinsa ya sha. Wani ya ce ramuwa ce kawai, lalura ce. Na farko ya ce wace lalura, aike aka yi masa? Ina kwance a caɓi, singileti ya naɗe ya tsaya a ƙirji, abin da na fito ɓoyewa yana waje kowa na kallo, ana ƙirga mini wata biyu. Wani yaro ya haye kan benci da waya yana neman inda hoton zai fi fita.

A adaidaita aka kai ni asibiti, ba kuma ta hanyar da na tsara ba. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka ba ni kwalba. Abin da na kawo a kwalbar launin baƙin shayi ne, ɗan kaɗan. Likitan yaro ne, a haife ba zan haife shi ba amma da kaɗan. Ya tambayi yaushe rabona da abinci. Na faɗa. Ya tambayi ko ina shan wani magani. Na ce ba komai, sai na ciwon jiki da nake saya a kemis, diclofenac, saboda ƙafa na tsami da dare. Ya ajiye biro, ya tsura mini ido.

"Yallaɓai, ƙodar nan ta yi maka wani laifi ne?"

Da sakamako ya fito ya ce na auna arziki, sai ya ja kujera ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun kafin in je Ƙofar Wambai. Ya ce in tuna wahalar kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin naira. Jiki yana da kuɗin aljihu, wato sukarin da yake ajiyewa, kamar giram 100 a hanta da 400 a tsoka, duka bai wuce kalori 2,000 ba. Yana kuma da kuɗin banki, kitse, wanda ni nawa asusun a cike yake. Kwana guda ba ci, na hanta ya kusa ƙarewa. Na bankin yana nan, amma a hankali ake cire shi, sai an bi layi. Mai tafiya a ƙafa layin ya ishe shi. Mai gudu kuwa tsaba yake so yanzu-yanzu, ga ƙwaƙwalwa ita ma tana neman kusan giram 120 na sukari a rana. Idan babu, jiki ya juya kan tsoka ya dinga yankar ta yana haɗa sukari. Warin bakin da ya kori maƙwabcina sinadarin da hanta ke yi ne daga kitse idan sukari ya yanke.

Kilon da na yi wa lacca a majalisa kuma, ya ce akasarinsa ruwa ne. Kowane giram na sukarin ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3, in ya tafi su tafi tare. Mai dogon azumi kuma ƙodarsa na zubar da gishiri fiye da kullum, ruwa ya bi gishirin, jini ya ragu a jijiya. A kan wannan na ɗora gudu. Mai gudu a zafi yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 na gumi a awa guda, kuma da mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ƙarfinsa ya fara zubewa. Ni na fito da bashin ruwa na wuni guda, na sa riga ta hana gumin bushewa, alhali bushewarsa ce ke sanyaya jiki. Da na tsaya cak, jini ya taru a ƙafa, na sunkuya na miƙe, kai ya nemi nasa ya rasa. Ya ce Turawan nan nawa da gorar ruwa a hannu suke gudunsu, wasu har da gishiri a ciki, da sanyin safiya. Ni na ɗauki yunwarsu na haɗa da ƙishirwarmu da ranarmu.

Abin da ya fi ba shi tsoro biyu ne. Idan zafin cikin jiki ya haye digiri 40 mutum ya fara sambatu, ƙwaƙwalwa ce ke dahuwa, kuma mintoci ake ƙirgawa, ruwan sanyi a jiki shi ne magani na farko tun kafin mota. Na biyu, tsokar da aka wahalar ba ruwa tana iya farfashewa, dattinta ya bi jini ya toshe ƙoda, fitsari ya yi duhu. Magungunan ciwon jiki irin wanda nake sha suna rage jinin da ke zuwa ƙodar, a daidai lokacin da take roƙon ɗigo. Na ba shi labarin mai ƙosai. Ya ce duk abin da ta yi daidai ne, har jiran da ta yi in farfaɗo kafin ta ba ni kunu, don wanda ya suma ba a ɗura masa komai. Mai cokali kuwa ko farfaɗiyar ce bai kamata ya sa shi a bakin kowa ba.

Da ruwa ya fara shiga jiki sai gardama ta dawo. Na ce, to Hakeem Olajuwon fa? Ɗan Legas, yana azumi yana buga ƙwallon kwando a Amurka, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan. Likita ya ce shekarunsa 32 a lokacin, sana'arsa ke nan tun yana matashi, yana cin sahur yana buɗe baki, a rufaffen fili mai sanyi yake wasa, likitocin ƙungiya na kansa. Ya ce in kuma misali nake so, Mo Farah ɗaga azuminsa ya yi a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya ci zinare a mita 5,000 da 10,000. 'Yan ƙwallon Tunisiya kuwa, a wasannin sada zumunta na shirin gasar cin kofin duniya ta 2018, golansu Mouez Hassen kwanciya yake yi wai ya ji ciwo da rana ta faɗi, don abokansa su ruga gefen fili su sha ruwa su ci dabino. Ya ce, "Shi kwanciyarsa dabara ce, Yallaɓai. Taka fa?"

Na ce to ashe duk ƙarya ce, babu wani amfani. Ya ce akwai. Gudu da tafiya mai sauri suna sauke hawan jini, suna sa jiki ya sarrafa sukari da kyau, suna gyara barci. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take nema a mako na matsakaicin motsa jiki, ba ta ce sai an faɗi ba. Gaskiya ne kuma wanda ya motsa jiki da cikinsa wayam yana ƙona kitse fiye da mai ƙoshi a wannan lokacin, amma a ƙarshen wata abin da aka ci da abin da aka ƙona ne ke yanke hukunci, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya yi mini lissafi a bayan katina: kilo guda na kitse kalori 7,700 ne, mai kilo 100 irina yana ƙona kamar 100 a kilomita guda. Kilomita 77 ke nan, kusan in je Wudil a guje in dawo, kafin kilo ɗaya ya tafi. Na yi shiru ina tuna ban ko kai Ƙofar Famfo ba.

Mai lafiya da ke azumin Ramadan yadda aka saba, yana sahur yana buɗe baki, ya ce yana iya ɗan tattaki a inuwa gab da magariba, tunda ruwa na kusa. Gudu na sosai ya bari sai bayan an sha ruwa da awa biyu, ko bayan asham. Mai ciwon sukari, musamman mai allura, da mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari, da mai sikila, da mai ciwon ƙoda ko zuciya ko gyambon ciki, da mai juna biyu, waɗannan ko azumin ma sai sun zauna da likita, balle tsere. Haɗa kwanaki ba ci kuwa, in ma za a yi, aikin asibiti ne, kuma ba a haɗa shi da gudu. Ya gargaɗe ni kada in koma gida in afka wa tuwo, don wanda ya daɗe bai ci ba in ya danƙara abinci lokaci guda sinadaran jininsa na iya rikicewa har su taɓa zuciya. Kunu, ɗan romo, kankana, a hankali.

Uwargida ta zo da fulas. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai tambayi nas a gabana nawa ne kuɗin kowace ledar ruwa, ta maimaita adadin da ƙarfi, sau biyu. Kilon da na zubar a titi shi aka mayar mini ta jijiya, na kuma biya. Liman ya yanke cewa ramuwar rana ɗaya ce, ya ƙara da cewa wauta ba a sa mata kaffara ba, da na shiga uku.

Na ɗauka magana ta mutu. Da azumin 2025 ya kai goma, yaran unguwa suka shigo tashe. Ɗaya ya cusa matashin kai a ciki, ya sa rigar sanyi mai hula, ya zagaya tsakar gida da gudu, ya sunkuya ya ɗaure takalmi, ya miƙe, ya zube. Wata 'yar ƙarama da ɗankwali ta zo da ludayi tana cewa buɗe. Uwargida ta yi dariya har da riƙe bango, ta ba su sadaka ninki biyu, ta ce su dawo gobe.

Yanzu bayan asham nake fita, da gorar ruwa, tafiya nake yi mai ɗan sauri, in na ga ba kowa in ɗan taɓa sassarfa. Ƙosai kuwa a rumfar Iya nake saya, ba na karɓar canji. Kai kuma yaron da ya hau benci da waya, da duk wanda bidiyon ya iso wa ta WhatsApp, don girman Allah ku goge. 'Yata ta kusa aure, surukai na bincike.